Ranar da Na Haɗiye Shanun Ardo

Ba zan taɓa mantawa da ɗanɗanon takardar firinta ba. Wanda bai taɓa ci ba, ina yi masa fatan ya ƙare rayuwarsa bai sani ba, amma tun da na fara bari in faɗa: ɗaci-ɗaci gare ta, kamar ka tsotsi ƙusa, kuma tana manne wa mutum a dasashi ta ƙi wucewa. Ni na ci tawa ne da safe, a gaban mutanen gari guda, ina sanye da sabuwar shadda mai aiki a wuya. Har yau idan na shiga kasuwar Gwaram sai an sami mai tuna min.

Ɗan shago gare ni a Birnin Kudu, inda nake buga takardu, in cike wa ɗalibai fom, in gyara wa mutane waya idan ta rikice. Amma abin da nake taƙama da shi shi ne haɗa manhaja. Shekara biyu na yi ina karatun kwamfuta, kuma tun ranar da na haɗa wa wani mai kyamis 'yar manhajar da ke tuna masa maganin da ya kusa lalacewa, mutane suka fara ce min Injiniya. Ban taɓa gyara musu ba. (Gaskiya ma ni na sa mai fenti ya rubuta a allon shagon.)

Wata rana Dakta Hadiza ta shigo shagon. Likitar dabbobi ce da ke aiki da wata ƙungiyar manoma da makiyaya ta yankinmu, mace ce da maganarta ba ta da kwana-kwana. Ta ce za a yi wa dabbobi allurar rigakafi bayan kaka, musamman ta ciwon huhun shanu, kafin garkuna su yi kudu neman ciyawa, kuma tana son rajista: sunan kowane mai dabba, da irin dabbobinsa, da yawansu. Kowa a ba shi lamba a 'yar takarda, ranar allura ya nuna. Sai ta san yawan dabbobin za ta san yawan maganin da za ta nema. In ya yi yawa zafi ya lalata shi, in ya gaza a yi wa rabin garke a bar rabi, wanda a wajenta da shi da babu duk ɗaya.

Na ce ai wannan aikin kwana uku ne. Ta dube ni ta ce wahalar ba a kwamfuta take ba, a wajen Ardo Manu take.

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san makiyayi ba ya faɗin yawan shanunsa. Ka tambaye shi lafiyar iyali ya ba ka labari har ka gaji, ka tambaye shi shanu nawa ya ce suna nan alhamdulillahi, ya juya maganar zuwa ruwan sama. Wasu tsoron baki suke yi, wasu sun gaji tsoron jangali daga kakanni, ga kuma ɓarayin shanu da kunnensu ke ko'ina. Dakta ta yi wata huɗu tana zarya rugar Ardo Manu, can gefen Kwandiko a ƙasar Gwaram, tana shan nono a tabarmarsa, kafin ya yarda. Bara ciwon ya kwashe masa maruƙa, shi ya sa ma ya saurare ta. Sharaɗinsa ɗaya ne: adadin ya tsaya tsakaninsa da ita da akwatin, wato kwamfutar. Idan ya yi rajista, duk rugagen yankin za su biyo shi. Idan ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, babu wanda zai tsaya, allurar bana kuma ta tafi ke nan.

To, bari in ɗan yi bayanin yadda akwatin yake aiki, don a gane girman wautata. Bayanan duk suna taruwa ne a rumbun bayanai da ke cikin kwamfutata, wayoyin masu rajista kuma su riƙa aiko masa. Shigar da mutum hawa biyu ne. Da farko a saka sunansa, rumbun da kansa ya ba shi lamba: na farko ɗaya, na biyu biyu, haka har ƙarshe, ba ni nake zaɓa ba. Sannan a saka dabbobinsa a wani jeri dabam, a liƙa musu waccan lambar don a san nasa ne. Ke nan tsakanin hawa na farko da na biyu dole manhajar ta san wace lamba rumbun ya bayar. Duk rigimar a wannan 'yar tazarar take.

Kayan aikin da nake haɗa manhaja da shi yana da hanyarsa ta karɓo wannan lamba. Na ga wurin da idona, na ga bayaninsa shafi biyu cikin Turanci mai ƙananan haruffa, na ce ba ni da wannan lokacin. Sai na yi dabara irin tawa: da zarar an saka suna, manhajar ta juya ta tambayi rumbun wace lamba ce ta fi girma yanzu. Tun da wanda aka saka yanzun nan shi ne na ƙarshe, ai tasa ce. Da na gama rubuta wannan layin sai da na jingina da kujera na yi wa kaina murmushi.

Na ɗauki hotonsa na tura wa Talatu, 'yar ajinmu da ke aikin manhaja a Kano, wadda tun muna makaranta take da halin hango rami a hanyar da kowa ya ce sumul take. Don ta yaba na tura. Amsarta layi ɗaya ce: "Idan mutum biyu suka danna lokaci ɗaya fa?" Na ce mata nan fa Gwaram ce, ba filin jirgi ba. Kafin mai rajista ya gama gaisawa da mutum ɗaya ma an ci minti biyar, wa zai danna tare da wani? Ta turo min 'yar fuska mai dariya kawai, ni kuma na ɗauka na kayar da ita.

Mako biyu muka yi muna gwaji a garin Kangire da awaki da tumakin manoma, waya ɗaya, ni ke riƙe da ita. Ko sau ɗaya ba ta yi kuskure ba. Kaina ya ƙara girma har na fara ganin allon shagon ya yi min ƙanƙanta. Don burgewa ma na ƙara abin da ba a sa ni ba: 'yar takardar da za a ba mutum, maimakon suna da lamba kawai, na sa ta riƙa fitowa da jerin dabbobinsa da yawansu. Na ce ai hannun mai ita za ta shiga, ina laifi.

Ranar buɗe rajistar makiyaya aka taru a filin wata firamare, a wani ƙauye kusa da Kwandiko. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, janareta na ta ƙugi a bayan aji. Masu rajista huɗu ne, ma'aikatan Dakta, kowa da teburinsa da wayarsa, ni kuma a tsakiya da kwamfuta da 'yar firinta mai fitar da takarda kamar rasit. Makirfo na hannun Malam Sabo, tsohon hedimasta, mutumin da in ya kama magana sai an kashe janareta ake samun lafiya. Makiyaya sun zo da yawa, amma ba su shiga rumfa ba. Suna can gindin wata tsamiya, sanduna a kafaɗa, idonsu a kan Ardo.

Ana shirin farawa sai ga matsalar da babu wanda ya yi tunaninta: wa za a fara yi wa? Ga Ardo Manu, ga Sarkin Noma Malam Idi, dattijon da ba ya buƙatar lasifika kafin a ji shi a ƙarshen gari. Abokai ne tun suna samari, kuma tun suna samarin ɗaya bai taɓa yarda ɗaya ya riga shi shiga ƙofa ba. Sarkin Noma ya ce filin da ake zaune a kai ma kakansa ne ya bayar aka gina makaranta. Ardo kuwa ya gyara zaman rawaninsa ya kalli hanyar gida, kuma wannan kallon ya fi magana tayar da hankali. Tun ana dariya har aka fara gunaguni a ɓangarorin biyu. Na ga Dakta ta cije leɓe.

Nan ne na miƙe, ba wanda ya kira ni. Na karɓi makirfo na ce ai wannan ba matsala ba ce a zamanin kimiyya: ga waya biyu, a cike wa kowa bayaninsa, a yi bismilla su danna tare. Wanda Allah Ya ba lamba ɗaya shi ke nan, na'ura ba ta san son kai ba. Aka yi tafi. Malam Sabo ya ce a ƙara tafa wa Injiniya, aka ƙara. Ni da bakina na shirya abin da na ce wa Talatu ba zai taɓa faruwa ba, kuma ko ɗar ban ji ba, sai ma gyara wuyan riga da nake yi.

Dakta ta ja Ardo bayan aji ta shigar da nasa da hannunta, ta dawo da wayar ba abin da ake gani a fuskarta sai maɓallin aikawa. Sarkin Noma kuwa nasa da ƙarfi ya faɗa don kowa ya shaida: shanun noma biyu, jaki ɗaya, awaki bakwai, da wata tunkiya da ya ce a rubuta duk da ba ta jin magana. Malam Sabo ya ja bismilla mai tsawo, dattawan biyu suka ɗora yatsa suna hararar juna, suka danna.

Firinta ta yi 'yar ƙararta ta fito da ta farko. Ardo Manu, lamba ɗaya. Mutanen gindin tsamiya suka ɗan motsa, wanda a wajensu shi ne guɗa. Na yage takardar ina ninkewa sai idona ya faɗa kan rubutun. (Ba leƙe na yi ba, Allah Ya sani, so nake in ga ko ya fito da kyau.) Shanu: babu. Tumaki: babu. Awaki: babu. Kafin in gama fahimtar abin da na gani, Ardo ya zare ta daga hannuna ya miƙa wa Dakta don ta karanta masa a kunne.

Ta biyu na fitowa ina bin ta layi-layi. Malam Idi, lamba biyu. Jaki ɗaya. Sai na zo kan shanu, na ga adadin da Sarkin Noma ko a mafarki bai taɓa kiwo ba. Garken Ardo ne kaf, da biyun Sarkin Noma a kai, biyun kuma kowa ya ji su da kunnensa, cirewa ba wuya.

A take na gane abin da ya faru. Sunayen biyu sun shiga kusan tare, rumbun ya ba Ardo ɗaya, ya ba Sarkin Noma biyu, daidai, bai yi laifin komai ba. Sai manhajata ta yi tambayarta ta wayo sau biyu, wace lamba ce ta fi girma, aka ba ta amsa ɗaya sau biyu. Ta kwashe shanun Ardo ta kai su gidan Sarkin Noma. A kunnena ba abin da nake ji sai tambayar Talatu.

Ina cikin wannan hali Malam Sabo ya miƙo hannu ya yage takardar daga bakin firinta. Sarkin Noma, da haushin lamba biyu bai sake shi ba, ya ɗaga murya ya ce, "Malam, karanta tawa kowa ya ji. Ni ba ni da abin ɓoyewa, ba kamar wasu ba."

Malam Sabo ya ɗaga takardar, ya nisanta ta, ya kusanto da ita, ya karanta sunan da lambar a lasifika. Sannan ya ce rubutun ƙasan ƙanana ne, bari ya ɗauko tabarau. Ya soma laluben aljihun babbar rigarsa.

Mutane suna cewa a irin wannan lokaci dabara kan zo. Ni dai ba ta zo min ba. Abin da na sani kawai shi ne idan tabaran nan ya hau hancin Malam Sabo, wata huɗun Dakta sun tafi a banza, kuma maruƙan bana za su bi na bara. Na tsallake wayar janareta, na kifar da kujera, na fizge takardar daga hannun tsohon hedimasta, mutumin da ya koyar da yayyen babana. Ya ce in ba shi. Sarkin Noma ma ya miƙo hannu yana cewa tasa ce. In sa a aljihu, za a ce in fito da ita. In yaga, guntayen za su faɗi a ƙasa, ga idanu ko'ina. Sai kawai na dunƙule ta na cusa a baki.

Abin da ban lura da shi ba shi ne makirfon yana daidai haɓata. Duk filin nan, har gindin tsamiya, aka ji ina tauna.

Wurin ya yi tsit, in ban da janareta da muƙamuƙina. Wata tsohuwa a layin mata ta yi a'uziyya. Wani ya ce a riƙe shi, ƙila masu abu ne suka tashi, wani ya tafi neman ruwan tofi. Sarkin Noma ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yaro, in yunwa ce ai sai ka yi magana, akwai fura." Aka tuntsire da dariya. Ni kuwa hawaye na zuba, ba na kuka ba, na takardar da ta tsaya a maƙoshi ta ƙi gaba ta ƙi baya. Da ruwan tofin ya iso ban tsaya musu ba, na karɓa na kora da shi.

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba, Dakta da Ardo. Ardo ya miƙe a hankali, ya yafito ni da yatsa, muka zaga bayan aji mu uku. Ya ɗaga 'yar takardarsa mai babu uku a jere.

"Injiniya," ya ce, "ina shanuna?"

Na durƙusa. Na nemi wata magana mai kama da ta masu ilimi, ban samu ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, suna cikina."

Ban ɓoye komai ba. Na gaya masa akwatin bai yi laifi ba, ni ne na koya masa hanyar banza don ƙiwar karatu, shanunsa suka faɗa takardar abokinsa, takardar kuma ita ce na ci. Na gaya masa an ma gargaɗe ni na ƙi ji. Ardo ya tambaya ko akwai wanda ya ga adadin. Na ce ni kaɗai. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da ake yi wa saniyar da za a saya, sannan ya ce shi da mutanensa suna nan har a yi La'asar. In an sallame sallar, akwatin bai gyaru ba, kowa ya kama gabansa, kada kuma a sake zuwa rugarsa da wannan magana.

Abu na farko, a gaban idonsa na goge abin da aka shigar. Na biyu, na yi abin da ya fi cin takarda wuya: na kira Talatu. Sabis ba ya kamawa sai a kan wani dutse bayan makarantar, haka na hau da shaddata da kwamfuta a hammata. Na ba ta labari. Ta yi dariya har na ɗauka layin ya yanke, ta dawo ta ce in maimaita wajen makirfon, ta sake yi. Da ta gama sai ta tambaye ni idan na kai babur wajen masu ajiya ranar kasuwa, yaya ake yi? Na ce mai ajiya yana ba ni kati a hannu. Ta ce to, ka taɓa ƙin karɓar katin, ka tafi ka dawo ka ce a ba ka babur ɗin da ya shigo na ƙarshe?

Na ce a'a. Ta ce rumbun ma haka yake. A daidai lokacin da ya karɓi suna yana miƙo lambar ga wanda ya kawo sunan, shi kaɗai, ko mutum ɗari ne suka zo tare. Ni ne ban buɗe hannu na karɓa ba. Ta sa na buɗe matakin saka suna a kayan aikina, ta nuna min ɗan akwatin da ake yi wa alama don ya dawo da lambar da aka samar, da inda ake rubuta sunan gurbin lambar, da yadda zan miƙa ta kai tsaye ga matakin dabbobi. Ta kuma sa na ɗaure hawa biyun wuri guda, ko dai mutum ya shiga da dabbobinsa, ko kada ya shiga sam. Layina na wayo kuwa na goge shi da hannuna. Duka-duka aikin bai kai minti ashirin ba, kuma shafi biyun nan da na guda a Birnin Kudu su ne na karanta a kan dutse, rana na dukana.

Na sauko na cire jerin dabbobi daga takarda, ya rage suna da lamba. Sannan na tara masu rajista huɗun a cikin aji, muka ƙirƙiro sunayen ƙarya, mai raƙumi da mai zomo da mai agwagwa, in ƙirga ɗaya, biyu, uku, su danna tare. Muka yi, na duba, kowa da nasa. Muka sake. Muka yi ta yi har ɗaya daga cikinsu ya ce yatsansa ya gaji. Raƙumi bai taɓa shiga gidan mai zomo ba. Aka kawo shinkafa da wake, wani ya ce kada a ba Injiniya, shi ya riga ya ci. Na share sunayen ƙaryar, na mayar da lamba farko, muka tafi salla.

Bayan La'asar aka koma rumfa, kuma mutanen sun fi na safe yawa, don labari ya zaga. Dakta ta ce min a hankali a yi musu ɗaya bayan ɗaya, kada a sake neman magana. Na ce a'a. In an jima tebur huɗu za su yi aiki tare, in gyaran bai yi ba gara a gani yanzu. Ta ce to, amma in ta sake faruwa kwamfutar zan ci.

Aka sake cike bayanan kamar ɗazu. Malam Sabo, wannan karon da tabarau a hanci kuma nesa da ni, ya ja bismilla. Dattawan suka danna. Takarda ta fito: Malam Idi, lamba ɗaya. Ta biyu: Ardo Manu, lamba biyu. Sarkin Noma ya ɗaga tasa sama yana juyawa da ita kamar an naɗa shi sabuwar sarauta. Ardo ya ce masa, "Riƙe abinka, Idi. Na riƙe lamba ɗayan nan da safe, ko maraƙi babu a cikinta."

Sannan Dakta ta ɗauki kwamfutar, ta juya ta yadda daga ita sai Ardo ke gani, ta buɗe lamba biyu. Ta nuna masa da yatsa. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Ya ce ta buɗe ta Sarkin Noma. Ta buɗe: shanu biyu, jaki, awaki bakwai, da tunkiyar da ba ta jin magana. Ya ɗago, ya juya wajen tsamiya, ya ɗaga sandarsa sau ɗaya.

Ban taɓa ganin abin da ya yi min daɗi kamar tasowar mutanen nan ba. Suka taho a hankali, suka ja layi a tebur huɗun, kowa ya sunkuya ya raɗa nasa. Wayoyi huɗu na aikawa, wani lokaci biyu tare, wani lokaci uku, firinta na ta fitarwa, ina duba rumbun a gefe, kowane garke na shiga gidan mai shi. Na so in yi ihu, amma mutumin da ya ci takarda da safe ba shi da sauran damar jawo ido, sai na yi ta hamdala a zuci.

Da za su tafi Dakta ta tambayi Ardo ko akwai abin da aka manta ba a rubuta masa ba. Ya ɗan yi tunani. Sannan, a karo na farko da wani ya taɓa jin Ardo Manu ya faɗi adadin dabbarsa a bainar jama'a, ya ce, "Likita, ƙara akuya ɗaya. Ga ta can mai shadda. Ita ma a yi mata allura, tana cin abin da ta samu."

Sunan ya bi ni. Daga Gwaram har Birnin Kudu, Injiniya ya koma Akuyar Ardo, kuma wannan ban sa an rubuta a allo ba, da kansa ya zauna. An yi allurar a kan lokaci, maganin ya isa, garkuna suka yi kudu da rigakafinsu. Bayan mako biyu wani ɗan acaɓa ya sauke min ƙwaryar kindirmo a ƙofar shago, ya ce daga rugar Ardo, wai in wanke cikina.

Abin da na koya ba shi da yawa. Idan ka ba rumbu ajiya, tsaya ka karɓi lambarka a hannu, kada ka tafi ka dawo kana cinta. Idan bayani shafi biyu ne, karanta shi a inuwa tun kafin rana ta tilasta maka a kan dutse. Idan kuma Talatu ta ce "idan kaza ta faru fa", to ka ɗauka kai ne za ka shirya faruwar tata, da makirfo a hannu.

Sarkin Noma har yanzu bai haƙura ba. Duk ranar kasuwar da muka haɗu sai ya ja ni gefe, ya saya min tsire, ya ce shi ba don komai ba, ai takardar tasa ce, yana da haƙƙin sanin abin da ke cikinta, ko kusa-kusa ne in faɗa masa. Ni kuma in cinye tsiren, in yi godiya, in ce masa adadin yana nan inda na ajiye shi.